Yadda ake aiki da injin yankan kwana mai araha wajen gyaran gida

Iskar farkon daminar bara ce ta sa na sayi wannan inji. Da la'asar sakaliya ta taso daga gabas, kafin a kira magariba ta yaye rabin kwanon ɗakin Inna ta kai shi gonar maƙwabci, ta karya rafta uku, ta ɓalle katakon gaban rufi. Duk mazaunin ƙauyukanmu na yankin Ringim ya san abin da ke biyo baya: kafinta ɗaya ne ko biyu a gari, rufin kowa kuma ya tashi a dare guda, dole ka bi layi. Sati biyu muka yi muna tarar ruwa da roba da baho. Da kaka ta yi na sayar da riɗi, sai na shiga Kano na sayo injin.

A kasuwa "maita so" ake ce masa. Ranar da baffana ya ji sunan, ya kuma ga yadda ya ratsa tubaifo, katakon nan mai inci 2 da 4, kafin ƙiftawar ido, cewa ya yi, "Kai ɗan nan, ai wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba, wannan maita ce." Ni dai injin yankan kwana nake kiransa, don aikinsa ke nan. Motsi uku yake yi. Farantinsa yana juyawa hagu da dama daga digiri 0 zuwa 45, shi ne yankan kwana. Kansa yana kishingiɗa gefe, masu araha galibi hagu kawai, har digiri 45, shi ne yankan karkace a kaurin katako. Sannan kan yana zamewa gaba da baya a kan sandunan ƙarfe biyu, abin da ke ba shi damar ratsa falanki mai faɗi. A tsallake kawai yake yanka katako. Ba ya tsaga shi a tsawonsa, kada ma ka gwada.

An ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne, to amma a wannan injin ba wajen yanka arahar take nunawa ba. Motarsa tana juyawa sau 4,500 zuwa 5,000 a minti kamar ta mai tsada. Inda aka rage maka kuɗi shi ne saiti da biled, wato faifan nan mai haƙora da ke yin yankan. Mai tsada yakan fito daga kwali a daidaice, mai araha kuwa kai za ka daidaita shi da hannunka. Wanda ya yi wannan, ya kuma ba shi wutar da ta ishe shi, zai yi aikin gida da shi shekara da shekaru.

Kafin ka miƙa kuɗi

Girma uku ne suka fi yawa: mai biled na milimita 210 ko 216, mai 255 wato inci 10, da mai 305 wato inci 12. Don aikin gida inci 10 ya wadatar, domin yana ratsa falanki mai faɗin kusan santimita 30, ka ga wanbaituwal ɗin da muke sa wa gaban rufi ya shiga ke nan. Makita da Bosch da DeWalt su ne manya, Ingco da Total da ire-irensu su ne aljihun irinmu ke iya taɓawa. Ka zaga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa ka kwatanta kafin ka tsaya a shago ɗaya.

Ka sa a fito maka da shi daga kwali. Jawo kan zuwa ƙarshen sandunan, ka girgiza shi hagu da dama a hankali. Ɗan motsi kaɗan ba a rasa shi a mai araha, amma in ka ji yana kaɗawa kamar haƙorin tsoho, ka ce a ba ka wani. Ɗora rula ta ƙarfe a jikin majingina, wato ƙarfen bayan nan da katako ke jingina da shi, ka tabbatar ɓarin hagu da na dama suna kan layi ɗaya. Duba ramin tsakiyar biled, wasu milimita 30 ne wasu 25.4, ka rubuta a wayarka don ranar sayen sabo. Sannan karanta ɗan allon da ke jikin mota, ka ga an rubuta bolt 220 zuwa 240. Wannan ya fi shafar masu sayen na gwanjo: wanda ya fito daga Amurka na bolt 120 ne, akwai kuma na wuraren gini a Ingila mai filogi rawaya, shi 110 ne. Ka jona ɗayansu a wutarmu, hayaƙi ne zai ba ka amsa.

Tun a nan ka sayi kabon na ajiya, wato 'yan guntayen gawayin cikin motar injin da ke cinyewa da aiki, da biled na biyu. Biled ɗin da ke zuwa da injin yakan zama mai haƙora 24 zuwa 40, ya yi daidai da katakon rufi inda ba a neman kyan fuska. Firam ɗin taga da ƙofa kuwa mai haƙora 60 suke so. Ka ce mai bakin kabayid kake nema, wato mai ƙarfe mai tauri a tsinin haƙora, wanda aka yi don irin wannan injin, saboda mai haƙoran da suka rusuna gaba sosai yakan fizgi katako ya nemi hawa kansa.

Maganar wuta

A ƙauye nan ne gizo ke saƙar. Injin yana cin wat 1,500 zuwa 2,000, kuma a daidai lokacin da ka danna makunni yakan ja ninki biyu ko uku na hakan kafin ya daidaita. Ƙaramin janaretan nan na cajin waya da kallon ƙwallo bai kai wat 1,000 ba, kada ka wahalar da shi. Ni ba na ɗora injin a kan janaretan da bai kai kVA 3.5 ba, kuma sai na cire duk wani abu da ke jone. Haka inbatar sola ta gida mai ɗaukar fanka da fitila, za ta yi ƙara ta mutu. In wutar layi ce kuma ka ga ƙwan fitila ya yi ja, alamar wuta ba ta cika ba, ka haƙura sai ta ciko. Rabin wuta ita ke ƙona koyil, don motar tana ta nishi ba ta kai gudunta ba.

Wayar da za ka ja ta zama mai kauri, wadda masu kayan wuta ke kira 2.5, gajeriya iya yadda za ta kai, a warware ba a naɗe ba. Siririyar wayar rediyo zafi za ta yi ta narke. Janareta kuma a fili, nesa da ƙofar ɗaki, ba a cikin zaure ba, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

Wurin zama da saiti

Kada ka aza shi a ƙasa ka tsuguna a gabansa. Samo benci mai ƙarfi wanda ya kai maka ƙugu, ka ɗaure injin da noti ta ramuka huɗun da ke ƙafafunsa. In kana so ka riƙa yawo da shi gida-gida, ɗaure shi a kan falanki mai kauri, shi falankin ka riƙa matse shi a benci. Bar fili a bayansa don sandunan suna fita baya. Katakonmu ƙafa 12 yake zuwa, saboda haka ka tanadi abin da zai tallafe ƙarshensa daidai da tsayin faranti. Ni turmin Inna da ya tsage nake kifawa in ɗora guntun katako a kai. Kada ka sa yaro ya riƙe maka, hannun mutum yana ɗagawa yana sauka, katakon sai ya matse biled.

Yanzu saiti, kuma duk abin da zan faɗa a nan filogi a cire ake yinsa. Ba kashe soket ba, cire filogin ka ajiye shi inda idonka ke ganinsa.

Fara da sukwayarka, wato ƙarfen awon kwana mai siffar L, don ita ma tana iya yin ƙarya. Ɗora ta a gefen falanki miƙaƙƙe ka ja layi, juya ta ɗaya ɓarin ka sake ja a wuri ɗaya. In layukan biyu sun hau kan juna, sukwayar ta gaskiya ce. In sun buɗe kamar bakin almakashi, nemo wata.

Sai ka danna kan injin ƙasa ka sa ɗan ƙarfen da ke kulle shi, faranti a kan 0. Kwantar da sukwaya a faranti, hannu ɗaya a jikin majingina, ɗayan a jikin biled. Ka lura ta taɓa jikin biled ɗin ne, ta tsakanin haƙora, domin haƙoran sun fi jikin faɗi, in ta hau kansu awon ya ɓaci. Leƙa ka ga ko haske yana ratsawa. In akwai tazara, sassauta notocin da suka riƙe majingina da alanki, ka ɗan bubbuga ta har sukwaya ta zauna lif, ka ɗaure a hankali ɗaya bayan ɗaya kana sake dubawa, don wajen ɗaurewa takan goce. Nawa da ya zo ya kauce da kusan digiri ɗaya. Ka ce digiri ɗaya me zai yi? A falanki mai faɗin santimita 30, rabin santimita ke nan, ɓeran gida ma ya gode.

Bayan nan tsayar da sukwaya a kan faranti ta jingina da biled, ka duba ko kan yana tsaye cak. Akwai noti a bayan injin da kan ke tokara da shi a 0, da wani a 45. Juya shi kaɗan-kaɗan har ya daidaita. Da ka gama, sassauta 'yan alluran da ke nuna lamba ka mayar da su kan 0.

Sukwaya ta gama nata, saura shaidar katako. Jona wuta, samo falanki miƙaƙƙe ka raba shi biyu. Kifa ɓari ɗaya, ka haɗa bakunan da ka yanka, gefensu yana jingine da majingina. In saiti ya yi, za su haɗu ba ko kafar allura. In da kuskure, wannan dabara tana ninka shi biyu ta yadda ido zai gani. Haka za ka gwada 45: yanka guda biyu, haɗa su, sa sukwaya a cikin kwanar. Yawancin injinan suna da wuraren da faranti ke faɗawa da kansa, a 0 da 15 da 22.5 da 30 da 45, sai dai a mai araha ramin yana da ɗan sako-sako, don haka ko ya faɗa ka ɗaure mariƙin gaba. Jan hasken leza da wasu ke zuwa da shi kuwa, a ranar Jigawa ko ganinsa ba za ka yi ba, kuma sau da yawa ba ya kan layi. Na daina kunna nawa.

Yadda ake yanka

Tuɓe babbar riga. Naɗe hannun kaftani har gwiwar hannu, cire agogo da zobe, carbi ya koma aljihu, rawani ko ƙyallen wuya a ajiye. Safar hannu ma ba a sa ta a nan, biled yana kama zare ya ja hannu. Sa gilashin kare ido, toshe kunne, ɗaura takunkumi, musamman in jan katako kake yanka, ƙurarsa tana shaƙe ƙirji. Sai yara. Da sun ji ƙarar za su cika gidan, har da na unguwar gaba. Ja layi a ƙasa taku biyar daga benci, ka sa babbansu ya tsare, kuma kada kowa ya tsaya ta bayan injin inda guntaye ke fallatsa.

Auna da tef, ja layi da sukwaya da fensir mai tsini, ka yi alamar gicciye a ɓarin da za a yar. Biled yana cinye kusan milimita 3 na katako ya mayar da shi gari. In ka yanka a tsakiyar layi, katakonka ya gajarce. Saboda haka, injin yana kashe, sauko da kan har haƙori ya kusa taɓa katako, ka matsar da katakon har gefen haƙorin ya zauna a bakin layi ta ɓarin gicciye.

Katakon ya kwanta sosai a faranti, ya manne da majingina. A nan na taɓa shan wuya. Tubaitiri ne mai ɗan lanƙwasa, na kwantar da shi cikinsa yana kallon majingina, ya zama akwai rami a tsakiya daidai inda biled zai bi. Da yanka ya kusa ƙarewa sai ɓarorin biyu suka rufta baya suka cafke biled, injin ya yi wata irin gurnani, kan ya zaburo kaina, guntun ya tashi ya bugi garwar ruwa. Allah ya tsare, hannuna yana nesa. Ƙa'idar ita ce doron katako shi ke jingina da majingina a daidai wurin yanka. Katakon da ke zuwa mana daga kudu ɗanye yake isowa, kafin ya yi wata a zafinmu ya karkace, don haka kusan kowanne sai ka ɗaga shi ka leƙa tsawonsa da ido ɗaya kamar mai saita bindiga.

Matse shi da kilam ɗin da ya zo da injin. Hannun da ke riƙe katako ya yi nesa da biled da aƙalla santimita 15, kusan taƙi guda, kuma kada ka taɓa gicciya hannu, wato hagu ta tsallaka ta riƙe katako a dama. Tsaya ɗan gefe, ba daidai layin biled ba.

Ga jerin motsin, ka maimaita shi injin yana kashe har ya zauna maka a jiki. Jawo kan zuwa gare ka yana sama, har ya wuce bakin katako. Danna makunni. Jira daƙiƙa biyu ko uku har ƙarar ta daidaita. Sauko da kan ƙasa gaba ɗaya. Tura shi gaba zuwa majingina a hankali. Saki makunni, kan yana ƙasa, har biled ya tsaya cak, sannan ka ɗaga. Turawa ake yi, ba ja ba. Juyawar haƙoran ta sa in ka ja kan zuwa gare ka yana cikin katako, hawa zai yi ya rugo maka. Ɗaga kai da wuri kuma shi ke sa haƙori ya tsinci guntu ya wurga.

Kada ka danne shi. Kunnenka ne ma'auni: in ƙarar ta fara yin ƙasa, ka rage hannu. Kuma ka tura a miƙe, kada ka jingina nauyinka gefe, don ɗan kaɗawar nan ta sandunan mai araha a nan take fitowa, yankan ya zo da ciki. Siririn katako irin tubaitu bai buƙatar zamiya, tura kan baya ka ɗaure notin sandunan, ka riƙa saukowa kawai.

Ayyukan da na yi da shi

Firam ɗin ragar sauro shi ne ya fi dacewa da mai koyo. Auna ramin taga a sama da ƙasa, hagu da dama, don a ginin ƙasa da wuya awo biyu su zo ɗaya. Ɗauki mafi ƙanƙanta ka rage rabin santimita. Juya faranti 45 hagu ka yanke bakin kowane katako, sannan ka juya 45 dama ka yanke ɗaya bakin, kana aunawa daga dogon tsini zuwa dogon tsini. Sirrin firam ba a kwanar kaɗai yake ba, dole kowane biyu masu fuskantar juna su zo tsawo ɗaya ba bambancin ko milimita. Maimakon ka auna sau huɗu, matse guntun katako a jikin majingina ko a benci ya zama birki, kowane katako ya tokare shi kafin ka yanka. Ɓarin da ke tsakanin birki da biled shi za ka matse da kilam. Da ka haɗa da gam da ƙusa, auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, in awon biyu sun zo ɗaya firam ya tsaya daidai. In wata rana ka so yin abu mai gefe shida ko takwas, raba 180 da yawan gefen: shida digiri 30, takwas 22.5.

Kwanar ɗaki kuwa, in za ka zagaya silin da siririn katako, kada ka ɗauka 90 ce. Haɗa 'yan sanduna biyu da ƙusa ɗaya su zama kamar almakashi, ka buɗe su a cikin kwanar, ka kwafe a takarda ka auna da abin auna kusurwa na cikin akwatin lissafin 'yan makaranta. Cire abin da ka samu daga 180, ka raba biyu. Kwana mai digiri 94 tana son 43 a kowane ɓari. Gwada da guntaye tukuna.

Rafta ita ce ta kawo ni, bari in ɗan daɗe a kanta. In tsohuwar da ta karye tana nan, ba ka da aikin lissafi: ɗora bakinta a faranti, jikinta a majingina, injin a kashe, ka juya faranti har biled ya kwanta a jikin tsohon yankan, ka ɗaure. In babu, auna gangaren rufin. Wanda ke hawa ƙafa ɗaya a kowace ƙafa huɗu ta kwance, digiri 14 ne. Ɗaya a uku, 18 da rabi. Ɗaya a biyu, 26 da rabi. Wannan lambar za ka sa a faranti, ka kwantar da tubaifo a faɗinsa, sai bakin ya fito a tsaye daidai in an ɗora raftar. Yanka guda ɗaya, hau da ita ka gwada, in ta zauna sai ta zama uwa, a kwafi sauran daga jikinta. Raftar da ta tsage kawai ba ta rabu ba, ba sai an cire ta ba. Yanka wata ka mara mata a gefe, ta wuce tsagar da aƙalla ƙafa biyu kowane ɓari, ka ɗinke su da ƙusa inci 4 a karkace da juna.

Katakon gaban rufi shi ke nuna amfanin kishingiɗar kai. In ka haɗa falanki biyu baki da baki a miƙe, da hunturu ya busa za su tsuke, tsaga ta buɗe ana hango ta daga titi. Kishingiɗar da kan zuwa 45, ka yanke bakunan biyu ta yadda ɗaya zai hau kan ɗaya, mahaɗar ta faɗo a kan bakin rafta don ƙusa ta sami abin kamawa. Ko sun tsuke, katako za a gani a ƙasa ba rami ba. Kafin kowane yanka na kishingiɗe, zame saman majingina gefe in naka mai zamewa ne, sannan ka sauko da kan injin yana kashe ka ga ba abin da biled zai taɓa. Mutane da yawa sun yanke majinginarsu a nan.

Firam ɗin ƙofa da gara ta ci ƙafarsa, cire shi ka yanke ruɓaɓɓen har ka kai lafiyayyen katako, ka yi masa ƙari da irin wancan haɗin na 45, ka shafe sabon yankan da maganin gara kafin ka mayar. Sai dai tsohon katako yana da mugun hali. Wata ƙusa da kanta ya karye ta ɓuya a cikin firam ɗin zaurenmu ta cire min haƙora biyu a sabon biled. Tun daga ranar sai na kankare wurin da zan yanka, in bi shi da maganaɗisun tsohuwar sifika, kuma tsohon biled nake sa wa irin wannan aiki.

Haɗa juyi da kishingiɗa a yanka ɗaya ba kullum ake buƙatarsa ba. Inda na yi amfani da shi shi ne ƙafafun benci masu buɗewa waje. Faranti a 10, kai a 10, katako mai kauri ɗaya ta kowane gefe. Yanke baki, ka zame katakon gaba ba tare da ka juya shi ko ka kifa shi ba, ka yanke a tsawon ƙafar, ka sake zamewa. Ƙafafu huɗun iri ɗaya za su fito, wajen bugawa ne kowace za ka juya ta ta kalli kusurwarta. Baffa ne ya gaje bencin, a kansa yake jin labaran rana.

Abin da ba a sa masa

Za a zo maka da roƙo iri-iri. Wani zai kawo reshen darbejiya a yanka masa itacen girki, wani azara, wani rodi ko kwano. Duk ka ba su haƙuri. Abu mai zagaye ko mai ƙulu-ƙulu ba ya zama a faranti, birgima zai yi ya kama biled. Ƙarfe kuwa injinsa daban. Guntun da bai kai taƙi biyu ba kada ka riƙe shi da hannu, ka yanko abin da kake so daga dogon katako. Murfin biled da ke buɗewa da kansa in kan ya sauko, na ga masu ɗaure shi da waya wai yana tare musu gani. In naka ya fara maƙalewa, wanke garin katakon da ya cushe shi za ka yi. Ka tuna nisan da ke tsakaninka da babban asibiti, da irin hanyar, da daddare ko da damina. Aro kuma, na ƙanena ma cewa nake yi, "Kawo katakon in yanka maka."

Canza biled da kula da inji

Cire filogi, danna maɓallin da ke kulle biled, sa sifana. Notin nan haƙoransa a juye suke: yadda ka saba ɗaure noti, haka ake kwance shi. Da yawa sun murɗe shi har ya lalace suna zaton ya cije ne. Sabon biled, kibiyar da ke jikinsa ta bi kibiyar da ke jikin murfi, haƙoran gaba suna kallon ƙasa. In ka ga yanka ya fara baƙi yana warin ƙuna, kafin ka ce biled ya dakushe duba ko ƙaron katako ne ya manne masa. Jiƙa shi da kananzir ka goge da tsohon buroshin haƙori, sau da yawa sai ya dawo.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar sandunan zamiya. Kada ka shafa musu giris ko baƙin mai, ƙura za ta kwaɓe da shi ta zama kamar yashi tana cin ƙarfe. Goge su da busasshen tsumma bayan kowane aiki, ka ɗiga man keken ɗinki kaɗan, ka sake gogewa. Hure ramukan iskar mota da famfon keke. In ka ga tartsatsi ya yi yawa a cikin motar ko tana yankewa tana dawowa, kwance murafun roba biyu da ke gefenta ka duba kabon. In ya rage kamar rabin santimita, canza duka biyun tare. Duk lokacin da injin ya hau bayan babur ya sha gargada, sake sa masa sukwaya kafin ka yanka abin kirki.

Garin katakon da ke taruwa a ƙarƙashin benci ina zuba wa kaji a akurki, ban da na katakon da aka shafa wa maganin gara, shi rami nake haƙa masa a bayan gida. Injin kuma in danna kansa in kulle, in ɗaure notin sandunan, in rufe shi da buhun taki a ɗakin ajiya, a kan benci ba a ƙasa ba saboda laima. Alanki da sifana da kabon suna cikin leda ɗaure a mariƙinsa, biled mai haƙora 60 kuma yana rataye a ƙusa cikin kwalinsa, sama da inda hannun yaro zai kai.